Wa Ya Fara Aunawa? Matakin da Bidiyoyin Kwantum Ke Tsallakewa

Tun watan Oktoban 2022, da aka ba Alain Aspect da John Clauser da Anton Zeilinger kyautar Nobel ta fiziks saboda gwaje-gwajensu a fannin kwantum, wato ilimin halayen ƙananan ƙwayoyi irin na haske, akwai wata magana da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a TikTok da WhatsApp. Sai ta lafa, sai wani ya sake yi mata sabon hoto ta taso. Wai masana sun gano hanyar aika saƙo ya riga haske isa. Wasu har da ƙarin gishiri, wai abin da za ka yi gobe yana iya gyara abin da ya faru jiya.

Gwaje-gwajen da suke ambata gaskiya ne, an yi su, sakamakon yana nan a rubuce. Sai dai akwai mataki ɗaya a cikin aikin da kusan kowane bidiyo ke tsallakewa, don ba shi da daɗin kallo: mutum biyu zaune, suna gwada takardu biyu layi bayan layi. A nan gizo ke saƙar. Sauran wuraren za mu bi su da sauri, amma a nan sai mun shimfiɗa tabarma.

[Hoto: teburin gwaji a ɗaki mai duhu, zaren haske shunayya]

Ga kayan aikin. Wannan lesa ce, fitila mai fitar da siririn zaren haske, tsawon zangon haskenta nanomita 405 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Wannan ɗan abin mai kama da gilashi, wanda bai kai farcen yatsa ba, siraran kiristal ne guda biyu da aka manna, ana ce musu BBO. Hasken lesa ƙwayoyi ne, kowace ƙwaya sunanta fotan. Kusan dukkansu ratsa kiristal ɗin suke yi su wuce abinsu. Amma jefi-jefi, bai ma kai ɗaya cikin miliyan ba, sai fotan guda ya tsage gida biyu, ya zama tagwaye masu nanomita 810 kowanne. Ɗaya ya yi dama, ɗaya ya yi hagu, kowanne ya kauce da kamar digiri 3 daga tsakiya. Waɗannan tagwayen su ake cewa sun sarƙe. Erwin Schrödinger ne ya raɗa wa abin suna a 1935.

Na dama mu aika wa Hajiya Amina, na hagu mu aika wa Malam Bala. Kowannensu yana da mataci, irin gilashin tabarau mai kashe ƙyallin rana, wanda ake iya juya shi kamar hannun agogo. Fotan ya zo, ko dai ya wuce ko mataci ya tare shi. Ya wuce, a rubuta 1. An tare shi, a rubuta 0. A gefe kuma a rubuta lokacin da ya iso. Ku riƙe maganar lokacin nan, za mu dawo kanta.

Idan matatan biyu suna fuskantar kusurwa ɗaya, amsa ɗaya suke bayarwa kullum. Amina 1, Bala 1. Amina 0, Bala 0. Wannan bai isa abin mamaki ba. Ka raba takalmi ƙafa biyu cikin kwali biyu, ka aika ɗaya gabas ɗaya yamma. Wanda ya buɗe ya ga ƙafar dama ya san ta hagu tana wancan kwalin. Tun daga wurin ɗauri aka gama magana. Kusan haka Einstein ya ɗauki lamarin, a takardar da ya rubuta da Boris Podolsky da Nathan Rosen a 1935: tagwayen sun taho da amsarsu tun daga gida, mu ne ba mu gani ba.

Shekara 29 ana ganin wannan gardama ce ta fatar baki, har John Bell, mutumin Belfast da ke aiki a cibiyar binciken fiziks ta Turai, CERN, ya nuna a 1964 cewa ana iya raba ta da ƙidaya. Ku bi lissafin, ɗan firamare zai iya.

Amina ta juya matacinta digiri 30 zuwa dama, Bala bai taɓa nasa ba. Cikin tagwaye 100, amsoshi sukan saɓa sau 25. To Amina ta mayar da nata, Bala ya juya nasa digiri 30 zuwa hagu. Nan ma sau 25. Yanzu su juya duka biyun, tsakaninsu ya zama digiri 60. Idan da gaske kowane fotan ya taho da amsarsa a aljihu, saɓanin ba zai wuce 25 a tara da 25 ba, wato 50. Zai iya kasa haka, amma ba shi da hanyar wucewa.

Abin da na'ura ke nunawa 75 ne.

[Hoto: lambar 75 ta cika allo]

Labarin takalmi ya rushe ke nan. Clauser da Stuart Freedman suka fara gwada wannan a Berkeley ta Amurka a 1972. Aspect a Orsay, kusa da Paris, a 1982 ya sa na'urorin suna sauya kusurwa duk bayan kamar nanosakan 10 (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan), alhali haske na buƙatar nanosakan 40 kafin ya ratsa mita 12 da ke tsakaninsu. A 2015 a Delft ta ƙasar Holan an toshe manyan ƙofofin kokwanto a gwaji guda, da tazarar kilomita 1.3. A 2017 tauraron ɗan Adam na ƙasar Sin mai suna Micius ya raba tagwaye tsakanin garuruwan Delingha da Lijiang na ƙasar, kilomita 1,203. Sakamako bai sauya ba.

Yawancin bidiyoyi a nan suke sa kiɗa mai ratsa zuciya, su ce: kun gani, da Amina ta auna nata, nan take na Bala ya ji. Mu dakata a nan.

[Hoto: takardar Bala ita kaɗai, lambobi na gangarowa]

Ku dubi takardar Bala ita kaɗai. 1, 0, 0, 1, 1, 1, 0, 1, 0, 0. Ku ƙirga layi dubu goma: kusan rabi 1 ne, rabi 0, ba tsari, canki-canka zalla. To Amina ta juya matacinta zuwa digiri 30. Ku sake dubawa. Rabi da rabi. Ta kai shi 60. Rabi da rabi. Ta cire matacin gaba ɗaya, ta kashe na'urarta ta tafi sallar la'asar. Takardar Bala ba ta ko gezau ba, rabi da rabi. Babu wata dabarar lissafi da Bala zai yi wa takardarsa ya gane ko Amina ta auna, ko ba ta auna ba, ko a wace kusurwa. Lissafin kwantum ɗin kansa ne ya tabbatar da haka, kuma gwaji bai taɓa saɓa masa ba.

Dalilin a fili yake. Abin da ke hannun Amina shi ne kusurwa. Amsar da za ta fito kuwa ba ta da iko a kanta. Ba za ta iya cewa bari in sa nawa ya ba da 1 don na Bala ya ba da 1 ba. Ita ma jira take ta ga abin da zai fito. Saƙo kuwa sai da zaɓi: in ba za ka iya zaɓar harafin da zai bayyana a wancan gefen ba, ba ka rubuta wasiƙa ba.

To 75 ɗin nan daga ina ta fito? Daga haɗa takardun biyu. Sai Amina ta kira waya, ko ta aika ta intanet, ko a ɗauko takardar a mota, a ajiye su gefe da gefe, a bi layi-layi: wannan ya yi daidai, wannan ya saɓa. Kafin a yi wannan zaman, babu mahalukin da ya ga 25 ko 75. Kuma kiran wayar nan ba ya wuce gudun haske, kilomita 299,792 a sakan guda. Tsakanin Delingha da Lijiang sai ya ci aƙalla kashi 4 cikin dubu na sakan.

A ɗakin gwaji wannan mataki ne ke cinye ƙarfin ma'aikata. Ta yaya za ka san layi na 500 a takardar Amina tagwayen layi na 500 ne a ta Bala? Ba za ka sani ba, domin fotan da yawa kan ɓace a hanya, na'urar ganowa kuma takan yi ƙara ko babu hasken da ya shiga. Shi ya sa ake rubuta lokacin isowa, a haɗa waɗanda suka iso tare cikin 'yar taga ta nanosakan kaɗan. Ku ga abin da faɗin tagar ke yi. A ce kowace na'ura tana ƙirga 100,000 a sakan. Tagwayen bogi, wato baƙi biyu da suka iso tare bisa katari, yawansu shi ne ƙidayar wannan sau ƙidayar wancan sau faɗin taga. Da taga mai nanosakan 5, bogi 50 ne a sakan, ana iya jurewa. Ka buɗe ta zuwa nanosakan 1,000, sun zama 10,000, sun binne na gaskiya, 75 ɗinka ta zame ta nufi 50. Haka in agogon biyu suka saɓa, ko wayar gefe ɗaya ta fi tsawo ba a lissafa ba. Haske santimita 30 kacal yake ci a nanosakan guda, a cikin waya ma bai kai haka ba, don haka mita biyu na rarar waya sun isa su sa ka haɗa kowane fotan da wanda ba ɗan'uwansa ba. Zaren gilashin da ke ɗauke da hasken shi ma yana murɗa shi in ya lanƙwashe ko ɗaki ya ɗumama, sai an riƙa daidaitawa.

Ina ganin rashin adalci ne a nuna wa mutane kiristal mai ƙyalli a ɓoye musu wannan wahalar, domin ilimin yana cikinta.

Yanzu ga tambayar da ta fi daɗi. A ce mun yarda, don gardama, cewa awon ɗaya ne ke taɓa ɗayan. Wa ya taɓa wa? Za ku ce wanda ya fara aunawa. To wa ya fara?

[Hoto: taswira, tashoshi biyu, jirgin sama a tsakani]

Tazara kilomita 1,200. A agogon ƙasa, Amina ta riga Bala da nanosakan ɗaya. Ga jirgin fasinja yana tafiya daga wajen Amina zuwa wajen Bala, kilomita 900 a awa, wato mita 250 a sakan. Ƙa'idar da Einstein ya kafa a 1905 ta ce mai tafiya da mai tsayuwa ba sa yarda a kan abin da ake kira lokaci guda a wurare biyu masu nisa. Bambancin shi ne gudu sau tazara, a raba da gudun haske sau kansa. A nan ya kama kamar nanosakan 3.3. Saboda haka a lissafin na cikin jirgi, Bala ne ya riga Amina da sama da nanosakan 2. Jirgin da ya nufi ɗaya ɓangaren zai ce Amina ce, har da rata. Babu wanda agogonsa ya lalace a cikinsu, kowa daidai ya auna. Duk lokacin da abubuwa biyu suka faru kusa da juna a lokaci, har haske bai isa ya tashi daga ɗaya ya kai ɗayan ba, to babu na farko babu na biyu da kowa zai amince da shi.

An ma gwada wannan kai tsaye. A Jeniba ta ƙasar Suwizalan, ƙungiyar Nicolas Gisin ta bi shawarar Antoine Suarez da Valerio Scarani, ta shirya ma'aunai masu motsi ta yadda kowanne, a nasa lissafin, shi ne ya fara awo. In da akwai mai ba da umarni da mai karɓa, a nan ya kamata alaƙar ta katse, tunda kowa na ganin shi ne gaba. An buga sakamakon a 2002: alaƙar tana nan daram. A 2008 kuma, tsakanin ƙauyukan Satigny da Jussy na kusa da Jeniba, kilomita 18, suka nuna cewa in ma akwai wani ɓoyayyen saƙo, sai gudunsa ya ninka na haske aƙalla sau 10,000.

Lissafin kwantum bai damu da jerin ba. Ka sa Amina a gaba, ka sa Bala a gaba, adadi ɗaya zai ba ka. Kuma da a ce ana iya aika saƙo ta wannan hanya, da maganar jirgin nan ta zama masifa, don wani zai ga amsa ta iso kafin a yi tambaya. Rabi-da-rabin takardar Bala shi ya rufe wannan ƙofa.

Da wannan a hannu, labarin gyara jiya ba zai ɗauke mu minti biyu ba.

Gwajin da ake yawo da shi na Yoon-Ho Kim ne da abokan aikinsa, ciki har da Yanhua Shih da Marlan Scully, an buga shi a shekarar 2000. Haske ya bi ta tsaga biyu, ya haifi tagwaye. Na farko ya faɗa kan allon awo nan da nan, an rubuta inda ya sauka. Na biyu an tsawaita masa hanya da kamar mita 2.5, sai ya iso bayan kusan nanosakan 8. A ƙarshen hanyarsa, ko dai ya shiga na'urar da ke tona ta wace tsaga aka bi, ko ya shiga ɗaya daga cikin na'urori biyu da ke shafe wannan bayanin. Sai a nuna muku hoto: in an shafe, ga ratsi-ratsi a allo, in an tona, babu ratsi. Wai ke nan na biyu ya koma baya ya gaya wa na farko inda zai sauka.

[Hoto: hannu biyu, yatsu a buɗe, sannan a sarƙe]

Ku ɗaga hannun dama, ku ware yatsu. Ratsi ke nan, yatsa, fili, yatsa, fili. Hannun hagu ma haka. To ku sarƙe su. Yatsun wannan sun cike filin wancan, ratsi ya ɓace. Abin da ke kan allon ke nan. Allon na farko, in ka dube shi duka, dunƙulen ɗigo ne, babu ratsi ko ɗaya, komai aka yi wa na biyu. Sai bayan an gama, an kawo takardar gefe na biyu, a ce: tsamo mini ɗigon da tagwayensu suka shiga na'ura ta ɗaya. Su ne hannun dama. Tsamo na na'ura ta biyu. Su ne hannun hagu. Hoton ratsin da kuke gani a bidiyo tsintacce ne, kamar yadda ake tsince wake fari daga ja a faifai guda. Babu ɗigon da ya matsa daga inda ya sauka. Matakin haɗa takardu ne dai, ya sake fitowa da wata riga.

Akwai wani abu dabam da ake cakuɗa shi da wannan, kuma shi sabo ne da gaske. Giulio Chiribella da abokansa suka kawo shi a 2009, aka gina shi a Biyana ta ƙasar Ostiriya a 2015 a ɗakin gwajin Philip Walther. Fotan guda zai bi ta na'ura A da na'ura B. Ta wannan hanya A ce farko, ta waccan B ce farko, kuma ana sa fotan ɗin cikin halin da hanyoyin biyu suke haɗe, ba a tsayar da ɗaya ba. Sai ya zama jerin ayyukan kansa ba shi da amsa guda. Yana da amfani a wasu lissafe-lissafe, masana kuma har yanzu suna muhawara kan fassararsa. Amma agogon bangon ɗakin gaba yake tafiya, fotan ya shiga da farko, ya fito daga baya.

To in ƙananan dokokin ba su damu da gaba da baya ba, me ya sa mu muke tsufa, shayi ke hucewa? Lissafin Schrödinger yana tafiya baya kamar yadda yake tafiya gaba. Akwai ɗan bambanci a wasu ƙwayoyin zarra, gwajin BaBar a Kalifoniya ya auna shi kai tsaye a 2012, kuma da tagwaye masu sarƙewa aka yi aikin, sai dai ba shi ke hana fasasshen ƙwai komawa ba. Abin da ke hanawa yawa ne, kamar yadda Ludwig Boltzmann ya bayyana tun ƙarni na 19: hanyoyin watsewa sun fi hanyoyin taruwa yawa nesa ba kusa ba. Sarƙewa ma watsuwa take yi. A 2019 an yi ta yayata cewa an juya lokaci a kwamfutar kwantum ta IBM. Abin da aka yi shi ne mayar da biyu daga ƙwayoyin da kwamfutar ke lissafi da su zuwa halinsu na farko, an dace kusan sau 85 cikin 100. Da aka ƙara ta uku, nasarar ta faɗo kusan rabi. Uku kacal.

Akwai masana na ƙwarai, irin su John Cramer da Huw Price, da ke fassara sarƙewa da cewa tasiri na iya bin lokaci ta baya. Wasu suna bin David Bohm, wasu Hugh Everett. Fassarorin sun sha bamban ƙwarai, kuma muhawara ce mai daraja. Amma ka ba kowannensu takardar Bala ita kaɗai, rabi da rabi zai ce maka.

[Hoto: na'urar gano fotan, kusa-kusa, fitila na ƙiftawa]

Ku kalli abin da ke faruwa a cikin wannan ɗan akwatin lokacin da fotan ya iso. Ya bugi silikon, ya 'yanto ilektaron ɗaya. Wutar da aka ɗaura wa na'urar ta figi wannan ɗaya ya bugi wasu, su ma su bugi wasu, cikin abin da bai wuce nanosakan kaɗan ba sun zama miliyoyi. Siginar ta bi waya, ta ɗumama ta kaɗan, ta shiga kwamfuta, fanka ta hura zafin cikin iskar ɗaki. Sarƙewar da ke tsakanin ƙwayoyi biyu ta bazu cikin ƙwayoyin da ba sa ƙirguwa, kuma mayar da ita sai an tattaro kowace ɗaya an juya ta daidai. Zarar bunu ke nan. Na'urar takan yi shiru na nanosakan 'yan gomomi kafin ta farfaɗo, duk fotan da ya iso a wannan tsakanin ya wuce ba a gan shi ba. Sannan ta sake shiri, a rubuta layi na gaba a takardar Bala, da lokacinsa a gefe.